Fentin Toka Biyu Masu Kama da Juna: Wanne Ne Zai Zauna da Ɗakinka?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda dama karatu ya fi musu daɗi. An ɗan gyara wasu wurare don ya karantu, amma maganar ita ce dai.

Yau zancen fenti za mu yi. E, fentin bango. Na san wani zai ce, duk abin da ke damun matasa a ƙasar nan, a rasa na tattaunawa sai kalar ɗaki? To ɗan'uwa, je ka tambayi saurayin da ya yi wata shida yana tara kuɗin gyaran ɗakin da zai sa amarya. Ya sayi fenti, an shafa, ya bushe, sai ga shi abin da ke jikin bango daban, abin da ya nuna a waya daban. Kuɗi sun tafi, biki saura kwana goma, shi da mai fenti kowa na cewa laifin ɗan'uwansa ne. Wannan asara ce, kuma asara ce da ɗan ilimi kaɗan yake hana ta. Shi ya sa muka ɗauko zancen.

Kun lura dai yanzu ruwan toka ne ke tashe, wanda masu fenti ke ce wa ash. Falo toka, ɗakin kwana toka, shagon aski toka, ofis toka. A da ruwan madara da shuɗi da kore ne suka cika ɗakunanmu, yanzu kowa ya buɗe Instagram ko Pinterest ya ga falon Turawa mai toka-toka, sai ya ce shi ma irinsa yake so. Matsalar ita ce toka ba ɗaya ba ce. Akwai toka mai ɗumi, akwai mai sanyi, kuma a kan ɗan katin da ake nuna maka a shago, wallahi sai ka rantse abu ɗaya ne. Hausawa kuwa sun ce kama da wane ba ta wane.

Don kada mu yi ta magana a iska, bari mu ɗauki misali na gaske. Akwai wani kamfanin fenti a Amurka, Sherwin-Williams, wanda tarihinsa ya faro tun 1866 a birnin Cleveland na jihar Ohio. Yana da launuka biyu da ke cikin waɗanda aka fi saye a wurinsa. Ɗaya sunansa Agreeable Gray, lambarsa SW 7029. Ɗayan kuma Repose Gray, lambarsa SW 7015. A can Amurka mutane sun daɗe suna muhawara a kan wanne ya fi, kuma in ka taɓa neman hoton falo mai ruwan toka a intanet, da wuya a ce ba ka ci karo da ɗayansu ba, ko da ba ka san sunansa ba. Ba talla nake musu ba, kuma ba lalle ka samu gwangwaninsu a kasuwar garinku ba. Na zaɓe su ne saboda an wallafa alƙalumansu, kowa zai iya dubawa, kuma duk abin da muka koya a kansu zai yi maka aiki a kan kowace toka biyu da aka ajiye a gabanka.

Abu na farko da ake dubawa shi ne yawan hasken da launi yake mayarwa. Kamfanonin fenti suna da ma'auni na wannan, suna rubuta shi da haruffa uku, LRV. Yana tashi daga 0 zuwa 100. Sifili shi ne baƙi ƙirin wanda ke shanye haske gaba ɗaya, ɗari kuma fari fat wanda ke mayar da shi duka. Agreeable Gray yana kan 60. Repose Gray yana kan 58. Kun ji fa, maki biyu kacal. Wato ta fuskar haske da duhu kusan tagwaye ne, Repose ya ɗan fi duhu kaɗan, kaɗan ɗin da ido ba zai kama ba sai an jera su.

Amma ku riƙe wannan lambar, 58 zuwa 60. A hoto suna fitowa kamar fari-fari, alhali kusan kashi arba'in cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansu shanye shi suke yi. Falon da ka gani a hoto yana da tagogi manya-manya daga sama har ƙasa. Naka ɗakin fa? Taga ɗaya, da ƙarfen tsaro, da ragar sauro, da labule mai kauri, ga katangar maƙwabci taku uku daga tagar. Launin da ya yi wasai a can, a wurinka zai iya yin duhu kamar hadari ya haɗo.

To in hasken nasu ɗaya ne, ina bambancin yake? Yana cikin sirki. Ita toka ta fenti ba baƙi da fari kawai ake haɗawa ba. Ana ɗiga mata ɗan ruwan ɗorawa, ko ɗan ja, ko ruwan ƙasa, ko shuɗi. Wannan ɗan ɗigon shi nake kira sirki, kuma shi ne yake ɓuya a kan kati ya bayyana a kan bango.

Bari in ba ku shi da lissafi, ba mai wuya ba ne. Allon waya da na kwamfuta suna haɗa kowane launi ne daga haske uku: ja, kore da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. In ukun nan suka zo daidai wa daida, ka samu toka zalla marar sirki. Agreeable Gray a wannan ma'aunin ja 209 ne, kore 203, shuɗi 193. Repose Gray kuma ja 204, kore 201, shuɗi 192. Yanzu ku cire shuɗin daga jan. A Agreeable tazarar 16 ce, a Repose 12 ce. Me wannan ke gaya mana? Duka biyun ba toka zalla ba ne, duka sun karkata wajen ɗumi, amma Agreeable ya fi karkata. Shi ya ɗan jingina da ruwan ƙasa, kamar toka da aka gauraya da ɗan yashi. Repose ya fi kusa da toka ta ainihi, kamar siminti mai haske. Masu ƙawata gidaje a can suna yawan cewa Repose a wani hasken yakan ɗan nuna shuɗi-shuɗi ko shunayya-shunayya, Agreeable kuma in haske mai ɗumi ya yi masa yawa sai ya koma kamar ruwan madara mai duhu, tokar ta gudu.

Tazarar maki huɗu a lissafi kamar ba komai ba ce. Amma ka tuna ba a kan kati mai faɗin ashana za ka zauna da ita ba. Bango huɗu ne, kowanne yana jefa wa ɗan'uwansa haske, sirkin yana ninkuwa. Abin da ya yi raɗa a kan kati, a ɗaki ihu zai yi.

Yauwa, mu zo kan babban alƙali, wato haske. Launi ba abu ne da ke zaune daram a jikin bango ba. Abin da idonka ke gani haɗin gwiwa ne tsakanin fenti da hasken da ya sauka a kansa. Kun tuna rigar nan da ta tayar da ƙura a intanet a watan Fabrairun 2015? Wasu suka rantse fara ce da ruwan zinare, wasu suka ce shuɗiya ce da baƙi. Rigar dai shuɗiya ce da baƙi, amma ƙwaƙwalwar kowa ta yi nata hasashen irin hasken da aka ɗauki hoton a ciki, sai ta gyara launin yadda ta ga dama. In riga mai launi biyu masu ƙarfi ta raba kan duniya, ina ga toka biyu da maki huɗu ya raba?

Mu fara da ƙwan lantarki, don shi ne a hannunka. In ka sayi ƙwai, juya kwalin, za ka ga lamba da harafin K a gabanta. Ma'aunin ɗumi ko sanyin haske ke nan. 2700K zuwa 3000K shi ne mai ja-ja ɗin nan irin na tsofaffin ƙwayaye. 4000K tsaka-tsaki ne. 6500K shi ne fari tas mai ɗan shuɗi, wanda ya fi yawa a shagunanmu, kuma irin haskensa ne fitilu masu caji da yawa suke bayarwa in an ɗauke wuta. Ka sa toka mai sanyi irin Repose a ƙarƙashin 6500K, sirkin shuɗin nan zai taso, ɗaki ya yi sanyi kamar ɗakin jiran likita. Ka sa Agreeable a ƙarƙashin wannan ƙwan, farin hasken zai rage masa ɗumi, sai ya fito toka sosai, irin wadda kake nema tun farko. In kuma ƙwanka 2700K ne, labari ya juya: Repose zai yi laushi ya yi kyau, Agreeable kuma zai iya zama ruwan ƙasa, har ka ce an canja maka fenti.

Akwai ma wani abin mamaki da masana launi suka sani: fenti biyu za su iya zama iri ɗaya sak a ƙarƙashin wani haske, su rabu a ƙarƙashin wani, saboda sinadaran da aka haɗa su da su daban ne. 'Yan'uwa mata sun riga mu sanin wannan. Shi ya sa in za a haɗa atamfa da mayafi a kasuwa, sai a ce wa mai shago bari a fita da su waje a gani a rana. Dabarar da ake yi wa mayafi, ita za ka yi wa fenti.

Sai rana. A nan ne nake so ku buɗe kunne, domin a nan shawarar intanet take yaudararmu. In ka karanta bayanan Amurkawa a kan launukan nan biyu, za ka ga suna cewa ɗakin da tagarsa ke kallon arewa haskensa mai sanyi ne kullum, saboda haka a sa masa Agreeable, wanda ke kallon kudu kuma yana shan rana, a sa masa Repose. Gaskiya suka faɗa, amma gaskiyar garinsu. Cleveland tana wajen digiri 41 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka duk shekara rana ta kudu take bi musu, tagar arewa ba ta samun ranar tsaka ko sau ɗaya. Mu kuwa Kano tana wajen digiri 12 ne. Daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta, ranar tsaka tana ɗan karkata ne ta arewa da mu, sauran watannin kuma ta koma kudu. Kuma yawancin shekara a sama take, kusan tsakar ka. Wato dokar arewa da kudu da suka haddace ba ta zauna mana daidai ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne gabas da yamma. Tagar gabas tana shan hasken safe, daga azahar kuma ɗakin ya koma inuwa, a nan toka mai sanyi takan yi fuskar shanu. Tagar yamma kuwa, daga la'asar zuwa magariba rana mai ja-ja ce ke shigowa da zafinta. A wannan ɗakin Agreeable zai ƙara ɗumi a kan ɗumi, Repose ne zai ɗan kwantar da ido. Kuma kar ka manta da abin da ke wajen tagar. In jar ƙasa ce a tsakar gidan, ko katangar da ke fuskantarka an yi mata ruwan goro, hasken da zai shigo maka ya riga ya ɗebo wannan launin. In bishiyar darbejiya ce a bakin tagar, kore-kore zai shigo da shi.

Ga kuma hunturu. Watannin da iska ke ɗebo ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, hasken rana kansa yakan dushe, sannan ƙurar tana kwanciya a bango ko ka rufe taga. Ƙurarmu da jar ƙasarmu masu ɗumin launi ne. A kan toka mai sirkin ruwan ƙasa sukan ɗan saje, a kan toka mai sanyi kuwa sun fi saurin tona kansu. Wanda ya rubuta bayani daga Ohio bai san da wannan ba, kai ne ka sani.

Abu na uku bayan sirki da haske shi ne maƙwabta, wato abin da ke kusa da bangon. Akwai wani masanin sinadarai Bafaranshe, Michel Eugène Chevreul, wanda aka ba shugabancin sashen rini a masaƙar Gobelins da ke birnin Faris a 1824. Ana ta kawo masa ƙorafi cewa baƙin zaren da suke rinawa ba ya yin baƙi sosai. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiyarsa ƙalau, launukan da ake saƙawa kusa da baƙin ne suke canja yadda ido ke ganinsa. A 1839 ya fitar da littafi a kan wannan. Taƙaitaccen darasin shi ne, kowane launi yana tura maƙwabcinsa zuwa kishiyarsa. Ka ajiye toka kusa da abu mai ruwan ɗorawa ko ruwan goro, sai ta yi shuɗi-shuɗi. Ka ajiye ta kusa da shuɗi, sai ta yi ɗumi.

Yanzu kawo wannan cikin ɗakinka. Tayil ɗin ƙasa ruwan madara ne ko ruwan ƙasa, irin wanda ya cika gidajen haya? To zai tura Repose wajen shuɗi, su yi ta faɗa da juna, ka rasa abin da ke damunka da ɗakin. Agreeable kuwa danginsu ɗaya, za su zauna lafiya. Tayil ɗin fari ne, ko toka, ko baƙi mai ƙyalli? A nan Repose ne ɗan gida, Agreeable kuma zai iya fitowa kamar farin da ya yi datti.

A nan ne kuma al'adarmu ta shigo, kuma ina roƙon angwaye da amare su saurara. A wurinmu ango ne ke gyara gida ya yi fenti, dangin amarya kuma su zo da gado da kujeru da labule ranar jere. Wato mutum ɗaya ya zaɓi bango, wasu mutane daban suka zaɓi abin da zai jingina da bangon, kuma sau da yawa ba wanda ya tambayi wani. Ranar jere sai gwaggo ta tsaya tsakiyar falo ta ce, wannan fentin ai ya kashe mana kaya. Ango ya ji haushi, amarya ta shiga tsakani, a fara zaman aure da ƙunƙuni a kan abin da kiran waya ɗaya zai warware. Malam ango, tambayi kalar kujeru da labule kafin ka sayi fenti, ba raini ba ne. Amarya, ki sa a kai masa ƙyallen labulen ko na kujerar, ba hoto ba, ƙyallen kansa. In kayan ruwan zinare ne, ko ruwan ƙasa, ko katako mai ja-ja, toka mai ɗumi za su so. In shuɗi ne mai duhu, ko fari da baƙi, ko ruwan azurfa, mai sanyin ta fi dacewa da su.

Na ce ƙyalle ba hoto ba, saboda waya maƙaryaciya ce a wannan fannin. Kyamara tana gyara farin hoto da kanta, mai ɗora hoton ya ƙara masa haske, allon wayarka daban da na mai fenti, wani ma ya kunna abin rage hasken dare wanda ke sa komai ya yi ja-ja. Ka miƙa wa mai fenti waya ka ce irin wannan nake so, ka ba shi aikin da ba mai iya yi. In abin ya ɓaci kuma a ce bai iya aiki ba.

To mene ne mafita? Gwaji. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ga yadda za ka yi, kuma ba zai ci maka kuɗin da ya kai na sake fenti ba.

Na farko, samo kaɗan daga kowanne, ko a ɗan gwangwani ne. In a babban shagon da ke da injin haɗa kala ne, ka karɓi lambar launin ka rubuta. In mai fentinka ne zai haɗa da hannu, ya haɗa maka kaɗan guda biyu, ɗaya mai ɗumi ɗaya mai sanyi, kuma ya auna abin da ya zuba.

Na biyu, kar ka shafa a bango kai tsaye, musamman in tsohon fentin mai launi ne, don zai rinjayi idonka. Samo farin kwali ko falanki guda biyu, kowanne kamar ƙafa biyu tsawo ƙafa biyu faɗi. Yi wa kowanne shafi biyu, ka bari ya bushe sosai, domin ɗanyen fenti da busasshe ba kalarsu ɗaya ba.

Na uku, kar ka manna su da juna. In suna gefe da gefe, dokar Chevreul za ta yi aiki a kansu, ɗaya ya ƙara ja, ɗaya ya ƙara shuɗi, fiye da yadda suke. Duba su ɗaya bayan ɗaya. Jingina kwalin a ƙasa ya taɓa tayil, sannan ka ɗora ƙyallen labulen a gefensa.

Na huɗu, zagaya da shi. Bangon da ke fuskantar taga, bangon da tagar ke jikinsa, da lungun da ya fi duhu. Ka duba da safe, da azahar, da la'asar, da dare a ƙarƙashin ƙwan da za ka zauna da shi, har da fitilar cajin da kake kunnawa in babu wuta. Kwana biyu ko uku sun isa. In ƙwan za ka canja, canja shi kafin gwajin, ba bayan an gama fenti ba.

In ka zaɓa, saura lissafin yawa. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, wato kusan mita 3.6 kowane gefe, in tsayin bangon mita 3 ne, bangonsa huɗu sun kai murabba'in mita 43. Cire ƙofa da taga, ka ce 40. Shafi biyu ya zama 80. In lita ɗaya tana rufe murabba'in mita 8 zuwa 10, kana buƙatar lita 8 zuwa 10. Duba jikin bokitin, kowane kamfani yana rubuta nasa, kuma bango mai ƙaiƙayi ya fi mai santsi sha. Dalilin wannan lissafin shi ne, in da hannu za a haɗa, a haɗa duka lokaci ɗaya a babban mazubi guda. Toka ba ta yafiya. In fenti ya ƙare a tsakiyar bango aka sake haɗa wani, ɗigo ɗaya ya ƙaru, za ka ga layin har ranar da za ka bar gidan. Ka kuma rage kaɗan a gwangwani mai murfi saboda gyaran gaba.

Ƙarin abu biyu a gurguje. Sabuwar filasta a bar ta ta bushe, kamar wata guda, in ba haka ba danshi zai yi wa tokar dabbare-dabbare. Sannan ƙyalli yana canja launi: fenti marar ƙyalli yana ɓoye ƙwarzanen bango amma wankinsa da wuya, mai ɗan santsi kuma ana goge shi da tsumma, abin da gidan yara da ƙurar hunturu ke buƙata, sai dai yana tona duk inda filasta ba ta miƙe ba. Ka yi gwajin da irin wanda za ka saya.

Tunda ana maganar gidan yara, in za a yi wa ƙofa da ƙarfen taga fentin mai, ku nemi wanda aka rubuta babu dalma a cikinsa. An fi samun dalma a fentin mai masu launi mai ƙarfi, kamar ruwan ɗorawa da ja. Amurka ta hana ta a fentin gidaje tun 1978, saboda tana lalata ƙwaƙwalwar ƙananan yara, kuma yaro ba abin da ba ya kaiwa baki.

To, wanne na zaɓa? Na san ba za ku bar ni in tafi ban faɗa ba. A ganina, ga yawancin ɗakunanmu, masu tayil ruwan madara, da taga ƙarama, da farin ƙwai mai 6500K, da ƙurar da ba ta ƙarewa, toka mai ɗumi irin Agreeable Gray ta fi zama lafiya. Ko an yi kuskure da ita, iyakarta ta koma ruwan madara, wanda dama idonmu ya saba da shi. Toka irin Repose Gray kuwa ta fi kyau a inda aka shirya mata: falo mai yalwar haske, ko mai tagar yamma, da tayil fari ko toka, da farin silin, da ƙwai mai ɗan ɗumi. A irin wannan wurin tana da wani kwarjini da ɗayar ba ta da shi. Amma wannan ra'ayina ne daga nesa, ban ga ɗakinka ba. Kwalin gwajin nan ya fi ni sanin gidanka.

Kalma ta ƙarshe ga 'yan'uwana matasa masu sana'ar fenti, don na san kuna saurare. Masu riƙe rola da burushi suna da yawa, masu iya karanta ɗaki su ne kaɗan. Ka zama wanda in an kira shi yake tambaya ina tagar take kallo, wane ƙwai za a sa, ina ƙyallen labule. Ka yanka falankai ka yi samfurin tokarka guda biyar ko shida, ka riƙa yawo da su. Ka sayi ɗan littafi kana rubuta abin da ka zuba a kowane haɗi, da gidan da ka yi wa, don in an neme ka bayan shekara ka iya maimaitawa. Wanda ke yin haka ba a yi masa tayin wulaƙanci, kuma gida ɗaya zai kawo masa uku.

Nan za mu dakata a yau. Wanda ya gwada, ya zo ya ba mu labarin wadda ta yi nasara a ɗakinsa, mai ɗumin ko mai sanyin, da inda tagarsa take kallo. Ku tura wa duk wani ango ko amarya da kuka san bikinsu ya matso. Allah Ya sa albarka a abin da ake nema, Ya ba mu gidajen da za mu zauna cikinsu da kwanciyar hankali. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.